Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci: na auna shi da "disconcert" da 'yan uwanta

Turanci nake koyarwa a babbar sakandare, da yamma kuma ina da ajin masu shirin WAEC da JAMB. Ƙamus a wurina kayan aiki ne na kullum, kuma wanda ke kan teburina yanzu shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 da ya fito a 2020. Iyayen yara sun sha tambayata ko ya cancanci kuɗinsa, tunda ga waya a hannun kowa. Ya cancanta, amma ba ga kowane yaro ba, kuma abin da ya sa ya cancanta ba shi ne abin da yawancin masu saye suke nema a cikinsa ba.

Ba na auna ƙamus da kalmomi masu sauƙi. Kowane ƙamus zai gaya maka sunan tebur da ruwa da akuya. Mai sayen buhun masara da ya san kasuwa ba ya tsayawa kan wadda aka zuba a baki, ƙarfe yake sokawa can tsakiyar buhu ya ga abin da zai fito. Tsakiyar buhun ƙamus a wurina ita ce kalmomin halin zuciya, musamman aikatau ɗin da ke nufin sa wa mutum rashin natsuwa ba tare da an doke shi ko an zage shi ba. Turawa suna da su jibge: "disturb", "unsettle", "unnerve", "perturb", "rattle", "faze", "discomfit", "disconcert". Irin waɗannan ne ke kayar da yara a sashen jarrabawa inda ake cewa a zaɓi kalma mafi kusa da ma'ana, domin duk zaɓin huɗu sai su yi maka kama da daidai.

Na ɗauki ta ƙarshen, "disconcert", don ita ce wadda na ga ɗalibaina sun fi yi wa kallon baƙuwa.

Bayaninta a ƙamus ɗin gajere ne, layuka kaɗan, amma babu layin banza. Da farko akwai furuci iri biyu, na Ingila da na Amurka, da alamar da ke nuna gaɓar da ake dannawa. Ta ƙarshe ake dannawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yaranmu suna ganin "concert" a cikinta, wato taron kiɗa, sai su danna gaɓar tsakiya yadda suka saba. Wata ɗaliba ma ta ce da ni, "Malam, ashe ba soke wasan mawaƙa take nufi ba?" Na ce, "Ke, da haka ne ai da mun huta." Bayan furuci sai ya nuna maka aikatau ce, sannan ya rubuta ta tare da abin da ke bin ta, wato mutum. Daga nan sai ma'ana: ka sa wani ya shiga damuwa, ko ya ruɗe, ko ya ji kunya ta kama shi. Ya kawo "disturb" a matsayin mai kama da ita, ya ba da misali, sannan ya jero 'ya'yanta: "disconcerted", "disconcerting", "disconcertingly".

Yadda nake bayyana ta a aji shi ne haka. Saurayi ya je gaida surukai karo na farko. Tun daga gida ya tsara abin da zai faɗa, ya san za a tambaye shi sana'a, ya san za a tambaye shi unguwarsu da sunan mahaifinsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa, sai kuma ya yi shiru yana kallonsa, bai ce uffan ba. Can sai ya ce, "Yaro, wace sura ka karanta a sallar Asuba yau?" Saurayin nan bai ji tsoro ba, ba a kuma ci mutuncinsa ba. Turus ya yi, ya tsargu, ya shiga inda-inda, duk tsarin da ya zo da shi ya watse. Abin da tambayar Baba ta yi masa shi ne "disconcert". Da Hausa zan ce ta daburta shi, ko ta sa ya diririce.

Asalin kalmar ma ya nuna haka, kuma shafin ƙamus ɗin na intanet yana kawo asali a ƙasan bayani. Daga Faransanci ta shigo Turanci a ƙarshen ƙarni na 17, kuma da farko ba zuciyar mutum ake yi wa ita ba, shiri ake yi wa. Ɗafa-goshin "dis" yana warware abu, saiwar kuma tana nufin tsara abu tare, a haɗa kai a kansa. Wato wargaza abin da aka tsara. Daga wargaza shirin mutane ta koma wargaza natsuwar mutum ɗaya. Yaron da ya ji wannan ba ya ƙara rikita ta da "frighten" ko "annoy", domin ya gane cewa akwai ba-zata a cikinta, kuma akwai mutumin da ya zo a shirye.

Amma inda ƙamus ɗin ya biya kuɗinsa shi ne wancan ɗan rubutun da ke nuna abin da ke bin aikatau. Kowa ma'ana yake nema, ba wanda ke kallon wannan, alhali nan maki ke zubewa a insha'i. "Disconcert" aikatau ce so-karɓau, dole sai da wanda aka yi wa. Ɗalibaina kuwa sai su rubuta "I disconcerted when I saw the result". Na san inda suka samo wannan, daga Hausa ce, kuma ba laifinsu ba ne. Mu ƙarshen aikatau muke sauyawa: tambaya ta daburta shi, shi kuma ya daburce, labari ya rikita ta, ita ta rikice, abu ya ruɗa su, sun ruɗe, an kiɗima shi, ya kiɗime. Wasali ɗaya ya gama aiki. Turanci ba shi da wannan sauƙin a nan, sai an kawo "was" an ce "I was disconcerted by the result". Tunda na fara rubuta waɗannan tagwayen aikatau na Hausa a allo kusa da tsarin da ƙamus ya bayar, kuskuren ya ragu ƙwarai a littattafan da nake makawa.

Haka rikicin "ed" da "ing". Wanda ya ce "I am disconcerted" shi aka daburta. Wanda ya ce "I am disconcerting" kuwa yana shaida wa duniya cewa shi ne mai daburta mutane. Ƙamus ɗin ya raba su da misalai, kuma idan ka lura da karatu za ka ga sifar "disconcerting" ta fi ita kanta aikatau ɗin yawo a jaridu da littattafai: shiru mai daburtarwa, kallo mai sa tsarguwa, ɗabi'ar mutumin da ke amsa tambaya kafin ka gama yi.

Wannan kula da zaman kalma a jimla ba bugu na 10 ya fara ta ba, da ita aka haifi ƙamus ɗin. Wanda ya assasa shi, A. S. Hornby, Bature ne ɗan Ingila da ya tafi Japan koyar da Turanci a 1924. A can ya ga ɗalibansa sun san ma'anar kalmomi da yawa amma ba sa iya haɗa jimla da su, ciwon da nake gani kullum a ajina. Ya yi aiki da Harold Palmer a wata cibiyar binciken koyar da Turanci a Tokyo, kuma shi da abokan aikinsa biyu, Gatenby da Wakefield, suka haɗa ƙamus ɗin da aka fara bugawa a Tokyo a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga shi. Tsofaffin malamai da suka yi amfani da bugu na 3 na 1974 za su tuna lambobin nan da ake sawa gaban kowace aikatau, sai ka koma farkon littafi ka duba jadawali kafin ka san abin da lambar ke nufi. Yanzu an jefar da lambobin, ana rubuta tsarin ƙarara, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Ni da kaina ban taɓa ganin ɗalibin da ya haddace lambobin nan ba.

Abu na biyu da nake yaba masa shi ne alamomin da ke gaya maka inda kalma ta dace. Ya nuna "faze" ta hira ce, "perturb" ta rubutun hukuma da manyan jaridu ce, "discomfit" kuwa ta adabi ce. Yaron da zai rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a jarrabawar WAEC yana buƙatar sanin wannan fiye da yadda yake buƙatar sabuwar kalma. Ma'anonin kuma an rubuta su ne da jerin kalmomi masu sauƙi da suke kira Oxford 3000, don haka da wuya ka duba kalma ɗaya ta tilasta maka duba wasu uku.

To, yanzu inda ya gaza mini. Wannan sauƙin kalmomin bayani da na yaba shi ne kuma rauninsa a wannan dangi. Ka buɗe "disconcert", ka buɗe "discomfit", ka buɗe "unsettle", "unnerve", "perturb", "faze", za ka ga kalmomi biyar ko shida ne ake jujjuyawa: damuwa, ruɗewa, kunya, fargaba, tsoro. Wannan ta tura ka wurin waccan, waccan ta dawo da kai. Ɗalibi mai ƙwazo zai rufe littafin yana ganin duk abu ɗaya ne, alhali Bature ba ya musanya su yadda ya ga dama. Ƙamus ɗin yana da akwatuna masu kyau da ke bambanta kalmomi masu kama da juna a wasu wurare, kuma irin wannan akwati nake son gani a nan, domin nan ne mai koyo ya fi buƙata. Misali ɗaya ko biyu bai isa kalmar da yaro bai taɓa ji a bakin kowa ba.

Saboda haka bambancewar sai na yi ta da kaina, kuma da Hausa nake yi. "Unsettle" ta fi "disconcert" daɗewa a jiki. Ita ce ta yaron da aka sauya wa makaranta a tsakiyar zango, ko ma'aikacin da ya ji raɗe-raɗin za a rage mutane: ba a daburce yake ba, hankalinsa ne ya ƙi kwanciya, yana kwana yana tashi da ɗar-ɗar. Masu bin labarin ƙwallon Ingila sun san ta, domin ita ake amfani da ita idan wata ƙungiya tana zawarcin ɗan wasan wata ta bayan fage har hankalinsa ya rabu biyu. Ana kuma yi wa kasuwa ita, a ce labari kaza ya hana kasuwar hannun jari natsuwa, abin da ba kasafai ake yi da "disconcert" ba. "Unnerve" ta fi su kaifi, domin ƙarfin hali take ɗaukewa. Ɗan dambe ya shiga fili da ƙarfinsa, ya naushi abokin karawa da duk abin da yake da shi, wancan ya yi murmushi. Gwiwarsa ta yi sanyi, an karya masa lago. "Rattle" kusa take da wannan, kuma a bakin masu sharhin ƙwallo za ka fi jin ta, idan mai tsaron gida ya sha ƙwallo ɗaya ya fara kame-kame.

"Faze" ita ce mai ban sha'awa, domin kusan kullum da korewa take zuwa. Da wuya ka ji an ce abu ya yi wa mutum ita, sai dai a ce bai yi masa ba. Mu ma muna da irin wannan: ko gezau, ko a jikinsa. Ba wanda ke cewa "ya yi gezau", sai "ko gezau bai yi ba". Da na faɗi haka a aji, ba wanda ya ƙara tambayata.

Akwai wata matsala da ba laifin masu ƙamus ba ce, amma dole malami a Najeriya ya san da ita. Kalmomin da aka yi bayanin da su, mu mun riga mun ba su wata ma'ana a Turancinmu na gida. Mun ɗora wa "disturb" kaya fiye da ƙarfinta: zazzaɓi yana yi mana ita, mai bin bashi yana yi mana ita, saurayin da ke naci yana yi wa budurwa ita. Yaro ya ga an ce "disconcert" kamar "disturb" ce, sai ya rubuta cewa sauro ya yi masa "disconcert" da daddare. Haka "embarrass". A wurin Bature kunya ce da tsarguwa, a titunanmu kuwa ta zama tozartawa da cin zarafi a bainar jama'a. Idan ba a gyara wa ɗalibi wannan ba, zai karanta bayani daidai ya fahimci wani abu dabam. A nan ƙamus ba ya maye gurbin malami.

Wasu iyaye kan ce mini sun ji Oxford ta saka kalmomin Najeriya, har da Kannywood da okada da danfo. Gaskiya ne, a watan Janairun 2020 aka saka guda 29, amma a babban Oxford English Dictionary ne, ƙamus ɗin tarihin kalmomi mai mujalladai da yawa. Gida ɗaya suka fito da wannan, aikinsu dabam.

Sai maganar Hausa. Babu ita a ciki ko kaɗan, Turanci ne ake bayani da Turanci. Ga ɗan aji ɗaya ko biyu na ƙaramar sakandare wanda har yanzu yake haɗa jimla da ƙyar, wannan littafi ado ne kawai a jaka, kuma ba na ba iyaye shawarar saya masa. Ya fi buƙatar ƙamus mai harshe biyu. Akwai na Neil Skinner, Kamus na Turanci da Hausa, da aka buga a Zariya a 1965, akwai kuma na Roxana Ma Newman na 1990, wanda ya fi faɗi. Ni yadda nake aiki, Oxford ne ke gaya mini yadda kalmar Turanci ke zama a jimla da wurin da ta dace, sannan in koma kunnena na Bahaushe in nemo wadda ta yi daidai. Idan na yi shakka tsakanin daburce da diririce da kiɗime, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 nake buɗewa, wani lokaci har tsohon na Bargery na 1934, wanda har gobe ba a kai shi tara irin waɗannan kalmomi ba. Manhajar fassara ta waya kuwa kalma ɗaya za ta jefo maka ta yi gaba, ba ta gaya maka ko da ita ake rubuta wa hakimi ko da ita ake hira a majalisa.

Littafin kansa ƙato ne, shafukansa sun doshi dubu biyu. Masu shi sun ce yana ɗauke da kalmomi sama da 60,000 da misalai sama da 100,000, kuma don a cusa wannan duka a mujalladi ɗaya an yi takardar da siranta, rubutun kuma ƙanana. Wanda idonsa ya fara gajiya kamar nawa sai da tabarau, kuma da fitilar caji da daddare aiki ne. Ba littafin da yarinya za ta riƙa ɗauka zuwa makaranta kullum ba ne, na ajiyewa ne a gida ko a ɗakin malamai. Mai bangon takarda yana saurin naɗewa a gefe, don haka na sa an yi wa nawa bango da kwali tun yana sabo. Kalmomin da ake nema an buga su da launi, abin da ke sa ido ya same su da wuri. A baya akwai sashen koyar da rubutu, da samfurin wasiƙa da insha'i da rahoto, wanda na ga yana amfanar 'yan aji shida sosai, ko da yake tsarin wasiƙar da masu maka WAEC ke so sai malami ya ƙara bayani.

A yi hattara da jabu. Wani uba ya taɓa kawo mini wanda ya saya wa 'yarsa a wani shago da araha, yana murna. Na buɗe, na ce, "Alhaji, wannan ba na asali ba ne." Tawada ta ratsa takarda, launin ya koɗe, alamomin furuci sun cakuɗe har ba ka gane ɗan layin da ke nuna gaɓar dannawa, wasu shafuka kuma an maimaita su an tsallake wasu. Idan za ka saya, buɗe tsakiya ka duba alamomin furucin nan da kyau, su ne suka fi saurin tona asirin bugun sata. Idan an ce bugun yana da lambar shiga manhaja, ka tabbata tana nan kuma ba a kankare ta ba.

Ga mai waya da data, shafinsu na intanet kyauta ne, kuma duk abin da na faɗa game da "disconcert" yana can, har da abin da takarda ba za ta iya ba: ka danna ka ji an furta kalmar da muryar Ingila da ta Amurka. Babban mutum mai aikin ofis ko ɗan jami'a wannan ya ishe shi, ba sai ya sayi littafi ba. Ɗan sakandare ne nake so ya riƙe na takarda, domin makarantun kwana da yawa ba sa barin waya, kuma wanda ya ɗauki waya don duba kalma ɗaya, na sani, TikTok zai ƙare. Akwai kuma ribar da takarda kaɗai ke bayarwa: kana neman "disconcert" idonka zai faɗa kan maƙwabtanta a shafi, "discomfit" da "discomfort" da "disconnect" da "disconsolate", waɗanda su ne ainihin tarkon da ake ɗana wa yara a zaɓin amsa.

Idan kuwa akwai tsohon bugu a gida, na 7 na 2005 ko na 8 na 2010, wanda yaya ko kawu ya bari, kada a sayi sabo don jarrabawa kawai. Za a rasa sababbin kalmomin intanet da alamomin da ke nuna matakin wahalar kalma da bugu na 10 ya ƙara, amma aikatau ɗin nan da muka yi magana a kansu suna nan yadda suke, da tsarinsu da furucinsu. A karkaɗe masa ƙura, a yi masa bango, kuɗin kuma a ajiye su don rajistar JAMB.